Masu Taya Gida, daga New Bell zuwa PK 14

Duk wanda ya tashi a unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala ya san matsi. Gidajen gado ne, an raba an sake rabawa, har wani lungun sai an karkata makara kafin ta wuce. Saurayin da ya yi shekaru yana tsaye a kasuwar Kongo, ya kwashi adashi biyu ko uku, in ya tashi mallakar gidansa na fari sai ya fita bayan gari. Ya wuce Ndokoti, ya bi hanyar da unguwanninta suka ci sunan alamar kilomita, PK 8, PK 12, har PK 14. A can ƙasa ta fi araha, a can kuma mutum kan rasa gumin shekara goma a wuni guda.

Shi ya sa ba a tafiya hannu rabbana. Akwai dattawa a unguwa da ake roƙo su raka yaro ciniki, kuma ni ban ga gwanintar da ta fi tasu burge ni ba. Ba su ne dillalan bakin titi da ake ce wa demarshe ba. Tsofaffin 'yan kasuwa ne da suka gaji sanin cewa ƙasa a Duwala ba abin wasa ba ce. New Bell kanta rikicin ƙasa ne ya haife ta: Jamusawa suka ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wuri, suka ware musu wannan wuri, sarkin da ya ƙi yarda kuwa, Rudolf Duala Manga Bell, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914.

Na taɓa bin ɗaya daga cikinsu kallon wani gida mai ɗaki uku. Saurayin da muka raka yana ta yaba fenti da tayil. Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba. Ya durƙusa yana shafa gindin katanga, inda ruwa ya bar zane kamar bakin tukunya.

"Baba, ba ka ga falon ba?"

"Na gani, ɗana. Mu dawo a watan Agusta mu gan shi."

Duwala na cikin garuruwan da suka fi shan ruwan sama a Afirka, kusan mita huɗu a shekara, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Gidan da ya yi kyau a Janairu yana iya zama tafki da damina. Gwani yana duban inda ƙasa ta gangara, ya nemi magudana, ya tambayi mai sayar da ƙosai a maƙwabta inda ruwan bara ya tsaya. Ita ba ta da riba a cinikin, gaskiya za ta faɗa.

Sai takarda, kuma nan ne aka fi daɗewa. Tun dokokin ƙasa na 6 ga Yuli 1974, shaidar mallaka a Kamaru ita ce titir fonsiye. Fili mai titir ba ya sayuwa sai a gaban notar, wato wanda doka ta ba ikon shaida takardun ciniki, in ba haka ba cinikin banza ne a idon hukuma. Amma filaye da yawa a wajen PK na iyalan Basa ne, ana sayar da su da 'yar takardar hannu mai tambarin mai unguwa. Wannan takarda ba ta hana a sayar wa mutum uku wuri ɗaya. Dattijon nan bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san ya karɓi lambar titir, ya aika ofishin ajiyar takardun filaye a ciro shaidar da ke nuna sunan mai shi a yau, da ko banki ya riƙe gidan jingina. Ya san a kira mai awon fili ya tono duwatsun iyaka, a gwada su da taswira. In gidan gado ne, ba ya sauraron ɗa guda komai daɗin bakinsa. Sai ya ga hukuncin kotu na magada, ya ji bakin kowa, har 'yar da ke aure a Yawunde.

Duk wannan kafin a ambaci ko sefa ɗaya. Da aka zauna ciniki, abin da ya gano a makonnin nan shi ya zama jarinsa. Bai kushe gidan ba, don wanda aka zagi gininsa ba ya ragi. Ya gaida mai gidan da "Papa", ya tambayi iyali, ya yaba rijiya. Sannan ya lissafa a hankali: kwanon rufi zai so canji, tsakar gida na son ciko, kuɗin notar da na rajista suna kan mai saye. Ya taya. Mai gida ya girgiza kai, irin albarkar da kowane ɗan kasuwa ya sani ko da wane yare aka yi ta. Dattijo ya yi shiru, shirun da ya sa saurayin ya fara motsi a kujera, har sai da ya dafa masa gwiwa. Ya ƙara kaɗan, ya miƙe, ya ce za a yi shawara.

Bayan kwana huɗu mai gidan ne ya bugo waya ya sallama.

Ko a nan bai saki jiki ba. Kafin alƙalami kaɗan ya bari a bayar, a rubuce, gaban shaidu na ɓangare biyu. Ragowar kuɗin kuwa ya ce ba za su taɓa hannun kowa ba sai a ofishin notar, ranar sa hannu. Da saurayin ya kawo masa la'ada a ambulan, ya zare takarda ɗaya ta kuɗin mota, ya mayar masa da sauran.

"Ka sayi siminti. Kafin ruwa ya sauko ka ɗaga dokin ƙofar nan taki ɗaya."