Haƙƙin Mace a Bakin Iyaka: Tsokaci a Kan Hukuncin Shari'ar Hadijatou Mani

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna hukuncin da Kotun ECOWAS ta yanke a Yamai ranar 27 ga Oktoba, 2008, mu ga amfaninsa ga macen da ke zaune a bakin iyaka kamar ta Jibiya.

Asalin maganar shi ne, a 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a ƙasar Nijar kan sefa 240,000 tana 'yar shekara 12. Ta zama wahaya, watau "mace ta biyar" wadda ba a ɗaura mata aure ba, ga bauta ga duka. Kotun ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Kyawun hukuncin shi ne ya fitar da cin zarafin mace daga cikin gida, inda akan kashe magana da "a yi haƙuri", ya ɗora alhakinsa a wuyan hukuma. Amma muna ganin yana da rauni biyu. Na farko, kotun ta ƙi ɗora wa gwamnati laifin wariya, ta ce wanda ya saye ta ne ya aikata, alhali kuwa kasancewarta mace ne ya sa aka saye ta wahaya.

Na biyu, hukuncin ya tsaya kan ƙasa ɗaya, ita kuwa cutar ba ta san iyaka ba. Mutanen Jibiya da na Ɗan Isa da Maraɗi dangi ne, suna auratayya, suna cin kasuwa tare. Duk da haka Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2004, Nijar kuwa ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Daɗin daɗawa, tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe ga wadda aka zalunta yau a can.

Ke nan yarinyar da aka aurar daga Jibiya zuwa Maraɗi kariyarta kan ragu da zarar ta wuce shingen kwastan. Shawararmu ita ce hukumomin Katsina da na Maraɗi, tare da sarakuna da malamai, su yi yarjejeniyar sauraron ƙarar mace da bin sawunta ko ta wane ɓangare aka kai ta.