Turka da Ingancin Nama: Nazari Kan Abin da Ake Zuba wa Sa a Komi

Kiwon turka tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Mutum kan sayo ramammen sa a Wudil, Maigatari ko Potiskum, ya ɗaure shi a turke wata uku zuwa huɗu yana ba shi harawa da dusa, sannan ya kai shi kasuwa, galibi gabanin Babbar Sallah. Burin mafi yawan masu turka shi ne sa ya cika ido. Sai dai ƙiba daban, ingancin nama daban, kuma sana'ar ta daɗe tana bauta wa ta farkon.

A tumbi maganar take farawa. Ƙananan halittun da ke cikinsa ne ke narkar da abin da dabba ta ci. Ciyawa da karan dawa kan ba sa ƙarfin da zai rayu ya girma a hankali. Hatsi da dusar masara, saboda sitacin da ke cikinsu, suna ba shi rarar ƙarfi, kuma rarar ce jiki ke ajiyewa ta zama kitse. Harawar gyaɗa da ta wake, kowa da angurya su ne ke kawo sinadarin gina tsoka. Idan aka cika dusa aka rage waɗannan, sa zai yi teɓa ba tare da naman kirki ba.

Kitse kuma bi da bi yake zama. Yana fara taruwa a cikin ciki da jikin ƙoda, sai tsakanin tsoka da tsoka da ƙarƙashin fata, daga ƙarshe ya ratsa cikin tsokar kanta. Wannan na ƙarshe, da ake gani kamar fararen zare idan an yanka nama, shi ne ke sa shi romo da ɗanɗano, shi ne kuma Japanawa ke nema a shanunsu na Wagyu da suke shafe fiye da shekara suna ciyarwa da hatsi. Shanunmu masu tozo, Bunaji da Rahaji da Bokolo, ba su cika ajiye shi da yawa ba. Don haka tsawaita turka fiye da kima asarar dusa ce, kitsen ciki da na ƙarƙashin fata kawai zai ƙaru.

Mahauci a kwata yana karanta tarihin sa daga kitsensa. Wanda ya yi damina yana cin ɗanyar ciyawa, kitsensa kan yi rawaya saboda sinadarin karotin da ke cikin koren ganye. Namansa ba maiƙo sosai, kuma ya fi ɗauke da man omega-3. Na turka kitsensa ya fi fari, namansa ya fi taushi. Shekaru ma na da tasiri: san noma da ya yi damina huɗu yana jan garma, ko an turke shi ya yi ƙiba, jijiyoyinsa sun riga sun yi tauri. Fiɗiyayyen sa kuwa ya fi bijimi saurin tara kitse.

Abin da ya kamata mai turka ya fara tambayar kansa shi ne wa zai sayi naman. Mai kilishi tsokar cinya yake so wadda babu kitse, don maiƙo na hana shi bushewa da kyau, yana kuma sa shi canza wari idan ya jima. Mai balangu da mai tsire suna son kitsen da zai narke a wuta. Mai sayar da tozo shi ma da tasa buƙatar. Ciyarwa iri ɗaya ba za ta gamsar da su duka ba.

Kurakurai uku ne ke cutar sana'ar. Na farko gaggawa: san da ya saba da ciyawa, idan aka cika masa komi da hatsi rana ɗaya, tumbinsa zai yi tsami, ya kama zawo, ya daina ci, wani lokaci ya mutu. Ana sabar masa ne a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ba a yanke masa harawa. Na biyu magungunan ƙiba da allurai barkatai, da yanka dabba kafin magani ya fita daga jikinta. Wannan zalunci ne ga mai ci, yana kuma sa mai saye ya yi wa rogo kallon kitse. Na uku wahalar hanya: san da ya yi kwanaki a tirela zuwa Legas ba ci ba sha, aka yanka shi bai huta ba, namansa kan yi duhu ya kuma yi saurin lalacewa, turkar wata huɗu ta tafi a banza.

Tushen duk wannan shi ne cinikin ido. Muddin dillali da mai saye na kimanta sa da tudun tozo da sheƙin fata, mai turka zai ci gaba da kiwon abin da ido ke so. Cibiyar binciken dabbobi da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana nazarin turkar shanun gida, kuma ya dace malaman gona su kai wannan ilimi ƙauyuka. Haka nan manyan kasuwannin shanu na buƙatar sikeli, sarakunan fawa kuma su fara bambanta farashin nama gwargwadon ingancinsa. Ranar da nama mai kyau ya fi tsada a teburin mahauci, masu turka da kansu za su gyara abin da suke zubawa a komi.