Kumfar Shampan da Tsaron Suna

A liyafar aure a Yamai, da an zo yankan kek sai ka ji "fau!", marfi ya yi sama, kumfa ta zubo wa ango a hannu, ƙawayen amarya su rangaɗa guɗa. Kowa shampan yake kiran abin, alhali sau da yawa ruwan inabi ne mai gas, babu maye a cikinsa. Sunan aro ne. Mai sunan ta asali giya ce, addininmu ya haramta ta, ni kuma ba tallarta na fito ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda masu ita suka kafa wa sunan tsaro.

Champagne, inda sunan ya samo asali, yanki ne mai sanyi a arewa maso gabashin Faransa, kewayen Reims da Epernay, ƙasarsa farin alli, gonakin inabinsa kusan kadada 34,000. Doka ta shata iyakarsa a 1927, aka ba sunan cikakkiyar kariya a 1936. Bafaranshen da ya yi irin wannan giya a bayan iyakar, ko ta fi daɗi, sai ya nemo mata wani suna.

Aikin kansa na masu haƙuri ne. Da hannu ake tsinkar inabin, a matse, ruwan ya tsimu ya zama giya mai tsami marar kumfa. Sai a ɗura a kwalba, a ƙara sukari da yis, a toshe. Tsimuwa ta biyu a cikin kwalbar take faruwa. Iskar ta rasa hanyar fita, ta narke a ruwan, har matsinta ya haura ninki biyu na tayar mota. Kwalaben na kwance a ramukan alli wata da watanni. Daga baya a riƙa murza kowace kaɗan-kaɗan ana sunkuyar da kanta, har guggubin yis ya taru a wuya, a daskarar da shi, a fitar. A gidan Veuve Clicquot aka fito da wannan dabara wajen 1816. Shi kuwa Dom Pérignon, malamin cocin da ya rasu a 1715, wanda ake cewa shi ya ƙirƙiro kumfar, an yi masa ƙari. Gwanintarsa a haɗa inabin gonaki daban-daban take.

Ɗanɗano sai dai in ba da labarin masu sha: tsami irin na ɗanyen tuffa, da ƙamshin gasasshen burodi wanda zaman giyar a kan yis ke haifarwa.

Maganar shekara ta fi burge ni. Yawancin shampan haɗin girbin shekaru ne, don ɗanɗanon bana ya yi daidai da na bara, kuma ba ta fita kasuwa sai ta yi wata 15. Idan damina ta yi kyau ƙwarai, kamar 2002 da 2008, sai a ware girbin shi kaɗai, a rubuta shekarar a jikin kwalba, a jira aƙalla shekara 3. Wato an yarda ba kowace shekara ce ta cancanci a ambace ta ba.

Mu ma mun san wannan, ba mu dai rubutawa. Manomin Galmi ya san shekarar da albasarsa ta yi ƙwari ta jure rumbu. Mahaucin Madawa ya san kilishin da ya sha ranar bazara daban yake da na damina, ya san labun da aka dama da tunkuza mai kyau. Hukumar OAPI mai kare sunayen kayayyaki, mai mazauni a Yawunde, ta yi wa Kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar suna, irin hanyar da shampan ta bi.

Sai dai takarda ba ta gadin kanta. Masu shampan sun kafa kwamiti tun 1941, yana bin gonaki da ramuka, yana maka masu satar sunan a kotu har a ƙasashen waje. Kilishin da na saya a bakin titin unguwar Plateau makon jiya a takardar siminti aka naɗe mini shi, babu sunan gari, babu na mahauci, babu ranar da aka gasa shi.