Amanar Marubuci da Hujjar Mai Bincike: Nazari a kan Labaran Binciken Kisa na Ingila

Daga cikin nau'o'in ƙagaggun labarai da Turawan Ingila suka shahara da su, akwai wani da malaman adabinsu suka daɗe suna yi wa kallon raini, suna ɗaukarsa abin rage hanya ga matafiyi a jirgin ƙasa, alhali kuwa littattafansa sun ƙetare teku sun shiga harsuna da dama, har gobe ana sake buga su, bayan an manta da da yawa daga cikin waɗanda aka fifita a kansu. Wannan shi ne labarin binciken kisa, wanda ganiyarsa ta faɗo tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, wato daga wajen 1920 zuwa 1939. Siffarsa sananniya ce: an wayi gari an tarar da gawa a gidan wani mai hali a ƙauye, ko a cikin jirgi, ko a wani wuri da babu shiga babu fita, mutanen da ke wurin 'yan kaɗan ne, kowannensu da abin da yake ɓoyewa, sai wani mai kaifin basira ya zo ya yi ta tambaya, yana duban abin da kowa ya raina, daga bisani ya tara su ɗaki guda ya warware mas'alar. Na daɗe ina bincikar dalilin da zai sa mutum mai natsuwa, wanda zuciyarsa ke ƙyamar zub da jini, ya raba dare a kan irin wannan labari, kuma abin da na tsaya a kansa shi ne amanar da ke tsakaninsa da marubucin, ita ke riƙe shi har asuba.

Tushen abin ya girmi wannan zamani. Ba'amurke Edgar Allan Poe ya buɗe ƙofa a 1841, Wilkie Collins ya biyo baya a Ingila da The Moonstone a 1868, sa'an nan Arthur Conan Doyle, likitan da ya yi karatu a Edinbara, ya fito da Sherlock Holmes a 1887, yana kwaikwayon malaminsa Joseph Bell, wanda yakan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba. Misali guda ya wadatar wajen nuna abin da Doyle ya bar wa na baya gado. A labarin Silver Blaze na 1892 an fitar da dokin sukuwa daga barga da dare, an kuma tsinci gawar mai horar da shi a daji. Kowa hankalinsa ya tafi ga wani baƙo da aka gani yana shawagi da yamma. Holmes kuwa sai ya tsaya a kan karen da ke kwance a bargar, wanda bai yi haushi ba ko sau ɗaya har yaran da ke barci a sama su farka. Ya ce ashe wanda ya shigo ba baƙo ba ne a wurin karen. Ga shi an kafa hujja da abin da bai auku ba, kuma mai karatu ya ji labarin karen tun da wuri, sai dai bai auna shi ba.

Wanda ya zauna gaban malamai ba zai ji wannan hanyar istinbaɗi baƙuwa a kunnensa ba. A ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka rasa shaidar ido, wurin da rigar ta yage ne ya raba gardama, da yake ta baya ta tsage. Malaman fiƙihu sun yi dogon bahasi a kan hukunci da alamomi da ƙarinoni: Ibnul Ƙayyim ya gina littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya a kan wannan mas'ala, Ibnu Farhun na Malikiyya ya ware mata babi a Tabsiratul Hukkam, kuma har yau ana buga misali da firasar Alƙali Iyasu na Basra. Ba na da'awar cewa marubutan Ingila daga nan suka ɗebo. Abin da nake nufi shi ne hankalin ɗan Adam, a duk inda yake, yana samun wata irin natsuwa idan ya ga gaskiya ta tabbata da dalili, ba tare da an daki kowa ba, ba a kuma jefa ƙuri'a ba.

To, me ya sa abin ya bunƙasa daidai bayan 1918? Yaƙin duniya na farko ya cinye wa Birtaniya maza fiye da 700,000, akasarinsu samari ne da suka mutu a ramukan yaƙi na Faransa da Beljiyam, da yawansu ba a ma tsinci gawarsu ba, balle a ce ga wanda ya kashe su, ko a tsayar da shi gaban shari'a. Jama'ar da ta ga haka, a ganina, tana bukatar labarin da rai guda ɗaya zai yi nauyin da za a tsayar da komai dominsa, a bi diddigi, a san wane ne, a san don me. Yaƙin kuwa yana nan kwance a cikin littattafan. Agatha Christie, wadda aka haifa a 1890, a ɗakin haɗa magani na asibitin garinsu Torquay ta yi aiki lokacin yaƙin, can ta san guba da ma'auninta, shi ya sa littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles na 1920, a kan guba aka gina shi, mai bincikenta Hercule Poirot kuma tsohon ɗan sandan Beljiyam ne da yaƙi ya koro gudun hijira. Lord Peter Wimsey na Dorothy L. Sayers, wanda ya fara bayyana a 1923, hafsa ne da ya dawo daga fagen fama da firgici, yakan farka da dare yana jin tamkar ana ruwan harsashi. A shekarun nan ne kuma wasan cike guraben kalmomi ya mamaye jaridun Ingila, mutane suka saba da zama da fensir suna gwada ƙwaƙwalwa. Da kamfanin Penguin ya fara fitar da littattafai masu arha a 1935, sisi sisi, na binciken laifi da koren bango, sai abin ya kai hannun akawu da ɗan makaranta.

Abin da ya bambanta marubutan wannan zamani da waɗanda suka gabace su shi ne sun mai da sana'ar fanni mai sharuɗɗa, kamar yadda malaman aruli suka yi wa waƙa. A 1929 Ronald Knox, wanda fada ne na ɗarikar Katolika, ya tsara ƙa'idoji goma. Daga ciki akwai cewa lalle mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari. Kada a warware mas'ala da aljanu ko sihiri. Kada a kawo gubar da ilimi bai san ta ba. Kada tagwaye su ɓullo ba a shirya wa mai karatu su ba. Kada sa'a ta yi wa mai bincike aikinsa. Duk wata alama da ya tsinta kuwa wajibi ne ya ajiye ta gaban mai karatu. A 1930 suka kafa ƙungiya a Landan mai suna Detection Club, G. K. Chesterton ne shugabanta na farko, sabon shiga kuma yakan ɗauki alkawarin kiyaye waɗannan ladubba. Ma'anar duka ɗaya ce: marubuci ya yarda zai yi kokawa da mai karatu a fili, ba zai zuba masa ƙasa a ido ba. Freeman Wills Crofts, wanda injiniyan jirgin ƙasa ne a Ailan, har jadawalin tashin jirage yakan shimfiɗa maka, ka lissafa da kanka ko wane zai iya kaiwa wuri kaza cikin minti kaza.

Babu inda aka jarraba wannan amana kamar a littafin Christie na 1926, The Murder of Roger Ackroyd, kuma ina neman afuwar wanda bai karanta shi ba, domin ba ni da hanyar kafa hujjata sai na buɗe asirinsa. Mai ba da labarin likitan ƙauyen ne, Dakta Sheppard, mutum mai sanyin magana, wanda yake zaune da 'yar'uwarsa mai son jin ƙwaƙwaf, maƙwabcinsa kuwa Poirot ne da ya ajiye aiki yana noman kabewa. Likitan ya gaya mana cewa yana tare da attajiri Ackroyd a ɗakin karatunsa aka kawo wata wasiƙa da ƙarfe tara saura minti ashirin, ya kuma bar shi da tara saura minti goma, ya tsaya bakin ƙofa ya waiwaya ko ya bar wani abu bai yi ba. Ya gaya mana agogon coci ya buga tara yana fita ƙofar gidan ta waje, tafiyar da ba ta wuce ta minti biyar ba. Da tara da rabi mutum biyu sun ji muryar maigidan daga cikin ɗaki, saboda haka kowa ya sakankance yana da rai a lokacin. Babban baran gidan kuma ya lura an jawo wata doguwar kujera daga jikin bango, abin da kowa ya ɗauka shirme ne, ban da Poirot. Ashe kujerar tana kare wani tebur ne da aka ɗora na'urar ɗaukar magana a kai, ita ce ta yi magana da muryar mamaci; wanda ya soke shi da wuƙa a cikin mintocin nan goma kuwa shi ne likitan da ke ba mu labari.

Da littafin ya fito wasu sun ce an ci amana, Sayers kuwa tana cikin waɗanda suka kare shi. Ni ina tare da ita ba tare da wata shakka ba. Ka koma ka bi littafin layi layi, ba za ka kama likitan da ƙarya ga mai karatu ba: ya faɗi lokacin shigowar wasiƙa, ya faɗi lokacin fitarsa, ya yi shiru a kan abin da ke tsakani, mu kuma muka cike gurbin da kyakkyawan zato, domin mun saba gaskata wanda ke riƙe da alƙalami, balle a ce likita ne. Daɗin da mai karatu ke ji a shafin ƙarshe daɗin wanda aka kayar da shi da gaskiya ne, ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya miƙa wa abokin karawarsa hannu. Wannan ne ya sa littafin kirki na wannan fanni ake karanta shi sau biyu, na farko don a san wane ne, na biyu don a ga yadda aka bi da mutum ta gaban gaskiya bai gan ta ba.

Duk da haka, son abu ba ya hana faɗin aibinsa. Duniyar waɗannan littattafai ta masu hali ce, rigimarta yawanci gado da wasiyya, barori da kuku da direba kuwa sau da yawa tamkar kayan ɗaki suke. Baƙo daga wata ƙasa abin tuhuma ne tun bai yi magana ba, dukiyar da ake kashe juna a kanta kuma wani lokaci daga ƙasashen da Ingila ta mallaka aka kwaso ta, ba wanda ya tambayi yadda aka same ta. Sunan farko da aka sa wa shahararren littafin Christie na 1939 yana ɗauke da kalmar cin mutunci ga baƙar fata, sai daga baya ya tabbata a kan And Then There Were None. Mai karatu ɗan Afirka ba zai wuce waɗannan wurare bai ji ɗaci ba, bai kuma kamata a ce masa ya haɗiye ba. Ba'amurke Raymond Chandler ya soke su a 1944 da cewa kisan da suke siffantawa bai yi kama da na duniya ba, kuma akwai gaskiya a maganarsa.

Sai dai manyansu sun san wannan makanta, har sun mai da ita darasi. A labarin Chesterton mai suna The Invisible Man, mutum huɗu aka sa su tsare ƙofar wani gida, dukansu suka tabbatar babu wanda ya shiga ko ya fita, alhali ga sawu a kan dusar ƙanƙara, mutumin gidan kuma ya ɓace. Fada Brown, limamin cocin nan mai sauƙin kai wanda ya san zukatan mutane ta wurin sauraron masu tuba, shi ya gane cewa mai raba wasiƙu ne ya shiga ya fito da gawar a jakarsa, idanu takwas suna kallonsa ba su lissafa shi cikin mutane ba. Sayers kuma ba ta yarda mai bincikenta ya ɗauki abin wasa ba: a ƙarshen Busman's Honeymoon na 1937, Wimsey bai runtsa ba daren da za a rataye mutumin da ya tona, da gari ya waye kuwa kuka ya yi, domin a Ingila ta wancan zamani ƙarshen hujjar mai bincike igiya ce.

Ya kai mai karatu, in kana son ka ɗanɗani wannan fanni yadda masu shi suka nufa, nemi Death on the Nile na 1937, wanda ya gudana cikin jirgin ruwa a kogin Nilu, ko Murder on the Orient Express na 1934, ban taɓa asirin ko ɗaya daga cikinsu a nan ba. Karanta a tsanake da fensir a hannu, ka riƙa lura da lokuta da wanda ya faɗe su. Idan ka iso inda Poirot zai fara warware mas'alar, rufe littafin, ka rubuta sunan wanda kake tuhuma da dalilanka a takarda, sa'an nan ka buɗe ka ji hukuncinsa.