Baƙon da ke fita ba sallama

A teburin mai cajin waya a kasuwar Mashegu za ka ga wayoyi tsara-tsara: Tecno mai tsagaggen gilashi, itel da aka ɗaure da roba, tsohuwar Samsung da wa ya bar wa ƙane bayan ya sayo sabuwa a Kontagora. Duk mai rubuta manhaja da ke tunawa da irin waɗannan, ina jinjina masa, domin aikinsa sai mai haƙuri.

Ɗauki ɗan akwatin zaɓi da ke buɗewa idan ka taɓa ɗigo ukun nan na kusurwa. Idan ka zaɓi abu a ciki, manhaja ta ji. Amma idan ka fasa, ka taɓa gefe ko ka danna maɓallin komawa baya, akwatin kan ɓace shiru kamar baƙon da ya fita ba sallama. A ce manhajar tafsiri ce, ta dakatar da karatu lokacin da akwatin ya buɗe. In ba ta san ya rufe ba, malam ba zai ci gaba ba, manomin da ke saurare kuwa zai ɗauka wayarsa ce ta lalace.

Google ya kawo wannan akwati, PopupMenu, a Android 3.0 a farkon 2011, amma hanyar sanar da rufewarsa, setOnDismissListener, sai a 4.0 ta zo, cikin Oktoban shekarar. A nan gwanaye suka nuna kansu. Sai su sa manhaja ta fara tambayar waya zubin da take kai. In sabuwa ce, a bi hanya miƙaƙƙiya. In tsohuwa ce, su gina akwatin da hannunsu a kan PopupWindow, wadda tun fil azal take faɗa idan ta rufe. Wasu ma sukan sa ido kan babban shafi: da zarar ya sake karɓar taɓawa, sun san baƙo ya tafi. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar alamar da suke ajiyewa don bambance wanda ya zaɓa da wanda ya fasa, tunda duk biyun rufewa ce. Layi biyu ne kacal, amma sai wanda ya sha wuya yake tuna su. A 2013 Google ya fitar wa masu rubuta manhaja da kayan aiki mai suna AppCompat, ya sauƙaƙa aikin.

Wayoyin wancan zamani sun kusa ƙarewa, sai dai matsalar tana sake kama ne kawai. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba, kuma talaka ne ke riƙe da su.

Matasanmu masu koyon wannan sana'a a Minna da Kontagora, kafin ku saki manhaja, ku ari waya mafi tsufa a teburin mai caji, ku buɗe akwatin, ku taɓa gefe, ku ga abin da zai faru.