3.4 Kacici-kacici a Aji: Wasa Ƙwaƙwalwa ko Hadda?

A shekarar 1967 ne Edward de Bono, mutumin Malta, ya fito da ra'ayin da za a iya kira tunanin kewaye, wato mutum ya bar hanyar da kowa ya saba bi wajen warware matsala, ya ɓullo mata ta inda ba a zata ba. Yana ganin ana iya koyar da wannan a makaranta kamar yadda ake koyar da lissafi. Da yawa daga masu nazarin adabin baka suna cewa Bahaushe ya daɗe da wannan darasi a cikin kacici-kacici. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai gyara a cikinta.

Alal misali, idan aka ce "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", sai yaro ya saki shanun, ya nemi wani abu mai yawa da aka ɗaure wuri guda, kafin ya kai ga tsintsiya. Nan kam an wasa ƙwaƙwalwa. To amma sau ɗaya ake yin wannan aiki. Daga ranar da yaro ya ji amsa, abin ya koma hadda.

A wata firamare da ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, mai wannan bincike ya ga an yi wannan tambaya, wata yarinya ta ce damin dawa. Malam ya ce ta faɗi, 'yan aji suka yi mata dariya. Alhali damin dawa bai saɓa wa siffar da aka bayar ba ko kaɗan, kuma shi take gani a gonakinsu kowace kaka. Ita kaɗai ce ta yi tunani a ajin, ita ce kuma aka kunyata.

Laifin ba na malamin ba ne shi kaɗai. Ko a dandali amsa ɗaya al'ada ta yarda da ita, wanda ya kasa sai ya ba da gari a faɗa masa. Saboda haka wannan bincike yake ganin labaran wasa ƙwaƙwalwa sun fi dacewa da manufar, kamar na mai ƙetarar da kura da akuya da dawa a kwalekwale, domin sai yaro ya yarda a komo da akuya baya kafin a ci gaba. In kuwa kacici-kacici za a yi, ya kamata malaman Kiru da Tudun Wada da Doguwa da Bebeji su riƙa neman amsa ta biyu da ta uku tare da dalilinsu, sannan su sa yara su ƙirƙiro nasu a kan abin da suka sani, kamar dajin Falgore ko ramukan kuza na Riruwai.