Puskás: Ɗan Bindigar da Bai Gaji Bindiga Ba

Duk mai bin ƙwallon ƙafa ya san kyautar Puskás, wadda FIFA ke bai wa wanda ya ci ƙwallo mafi ƙayatarwa a shekara tun daga 2009. Sai dai ba kowa ne ya san cewa sunan na sana'a ne ba. A harshen mutanen Hangari, puska ita ce bindiga. Idan aka liƙa mata harafin s a ƙarshe, sai ta koma mai bindiga, ko mai harbi da ita ko mai ƙera ta. Da wannan ɗan harafi suka gina sunaye da dama: fazék tukunya ce, Fazekas kuwa maginin tukwane, lakat kwaɗo ne, Lakatos mai ƙera kwaɗo da makulli, Kocsis shi ne mai tuƙa keken doki.

Tsakanin ƙarni na 14 da na 16 ne laƙabi ya riƙa zama gado a ƙasar. Kafin nan, idan an ce da mutum Kovács, to maƙeri ne da gaske, yana gaban zugazugi da uwar maƙera, yana ƙera wa manoma garma. Daga baya sai jika ya gaji sunan ko da bai taɓa riƙe masaba ba. Shi ya sa Kovács da Szabó, wato tela, da Varga, wato baduku, ke cikin sunayen da suka fi yawa a Hangari har yau. Ita kanta kalmar Kovács aro ce daga harsunan Silabawa maƙwabta.

To amma labarin Ferenc Puskás, ɗan ƙwallon da aka sa wa kyautar sunansa, ya sha bamban, kuma shi ne ya fi jan hankalina. An haife shi a Budapest a 1927 da sunan Purczeld, domin mahaifinsa jinin Jamusawan da suka daɗe da zama a ƙasar ne. A 1937 uban ya sauya sunan gidan zuwa Puskás. Ba shi kaɗai ba ne. Tun a 1881 aka kafa ƙungiya a Budapest don ƙarfafa wa mutane gwiwa su ajiye sunayen Jamusanci da na Silabawa su ɗauki na 'yan ƙasa, aka kuma rage kuɗin yin hakan. Jamusawa da Yahudawa da Sulobakawa da yawa sun bi, wasu don kishin ƙasa, wasu don neman aiki da gudun tsangwama. Sunan sana'a kuwa ya dace da wannan buƙata, domin ba ya tona asali: maƙeri ko tela ana samunsu a kowace ƙabila.

Saboda haka ina ganin kuskure ne mai binciken asali ya ga Molnár ya yanke hukunci cewa kakan gidan mai injin niƙa ne, alhali wataƙila sunan Jamusanci Müller ne aka mayar da shi harshen ƙasar. Sunan yana iya zama shaidar sana'a ta shekaru ɗari biyar, yana kuma iya zama shaidar takardar da wani magidanci ya sa wa hannu don 'ya'yansa su samu shiga. Na biyun ma tarihi ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Yaron da aka sauya wa suna yana ɗan shekara goma ya ci wa Hangari ƙwallo 84 a wasa 85.